Karin da ke Kama Kunne: Nazari a kan Waƙoƙin Fim na Umar M. Shareef

Gabatarwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta ratsa Galmi zuwa Madawa, ko ya karkata arewa ya nufi Buza da Keita, da wuya ya kammala tafiyarsa bai ji waƙar fim ɗin Hausa ba, ko a teburin mai shayi, ko a wayar ɗan kabu-kabu, ko daga gidan da ake biki. A cikin muryoyin da suka fi yawo a wannan yanki akwai ta Umar M. Shareef, mawaƙi ɗan Kaduna, wanda ya daɗe yana shirya wa finafinan Kano waƙoƙi kafin ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin Mansoor na kamfanin FKD, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a shekara ta 2017. An rufe iyakar Nijar da Nijeriya a 2019, an sake rufe ta a 2023, kaya suka tsaya, amma waƙoƙin ba su tsaya ba.

Farin jinin mawaƙin ba abin gardama ba ne. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ko karin da yake ɗora wa waƙoƙinsa kari ne mai kyau, mai zama a zuciya, ko kuwa yawan ji ne kawai ya cusa shi a kunnuwan jama'a. Tambayar tana da muhimmanci domin masu sharhi a kan waƙoƙin fim sun fi tsayawa a kan baituka da tarbiyya da tufafin masu rawa, har ya zama kamar kari ba sana'a ba ce da za a auna. Alhali kuwa kari shi ke fara shiga kan yaro tun bai san ma'anar kalma ba.

Inda karin fim ya samo asali

Finafinan bidiyo na Hausa sun fara da Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, a 1990. Sun iske jama'ar da ta shafe shekaru talatin ko fiye tana kallon finafinan Indiya a gidajen siliman Kano da sauran birane, ta saba da cewa soyayya a fim sai da waƙa da rawa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna a rubuce-rubucensa yadda fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar waƙa na Kano a shekarun 1990, da yadda aka riƙa aro karin waƙoƙin Indiya ana ɗora musu baitukan Hausa. Karɓuwar da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu, a daidai shigowar shekara ta 2000, ta koya wa masu shirya finafinai cewa waƙa na iya sayar da fim tun kafin a san labarinsa. Daga nan mawaƙi ya zama ginshiƙin kasuwa.

A tsarin da ya kafu, aiki a rabe yake. Mawaƙi ke rubuta baituka ya kuma fito da kari. Makaɗi ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa masa kiɗa. Mawaƙiya ta shigo ta yi ɓangaren mace. Daga ƙarshe jarumi da jaruma su hau kan waƙar suna motsa baki. Saboda haka in za a yi wa Umar M. Shareef hukunci na adalci, sai a ware abin da ya fito daga bakinsa daga abin da na'ura ta lulluɓe shi da shi.

Ma'auni na farko: waƙa ba tare da kiɗa ba

Hanya mafi sauƙi ta gane ƙarfin kari ita ce a kashe kiɗan. In yarinya mai daka za ta iya rera shi, in yaro mai kiwo zai iya yin fitonsa har wani ya gane waƙar da yake nufi, to karin yana da ƙashin bayansa. Misalin da ya fi fitowa fili a finafinan duniya shi ne kiɗan da Ennio Morricone ya yi wa fim ɗin kaboyi na Sergio Leone, Le Bon, la Brute et le Truand, a 1966: sauti biyu ne ke kai da komo a farkonsa, amma kowa na iya yin fitonsa ya gane shi nan take. A wannan shekarar ce Mustafa Alasan, wanda daga baya ya zauna a Tawa, ya yi Le Retour d'un aventurier, inda ya nuna yadda finafinan kaboyi suka shiga kan samarin Nijar. Kiɗan irin waɗannan finafinai na cikin abin da ya kama su.

A wannan ma'auni Umar M. Shareef ya ci jarrabawa, kuma yabon gwani ya zama dole. Ƙarfinsa yana a gindin waƙa, wato amshin da ake dawowa gare shi. Yana gina shi gajere, bai cika wuce abin da numfashi ɗaya zai ɗauka ba; ba ya hawa can sama inda muryar mutum talaka ba ta kaiwa, ba ya kuma sauka can ƙasa; yana tafiya taki-taki daga sauti zuwa maƙwabcinsa, sa'an nan ya dawo ya sauka inda kunne ke jiran ya sauka. Wanda ya ji sau biyu zai iya kamawa a karo na uku. Wannan ba ƙaramar fasaha ba ce, kuma ita ce fasahar makaɗan baka tun asali: Mamman Shata ya riƙe taro na tsawon lokaci da amshi ɗaya, Ɗan Maraya Jos ya yi haka da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk da rigar Indiya da waƙar fim ta sanya, ginin amshin na gida ne.

Ma'auni na biyu: haƙƙin harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Hawa da saukar murya ne ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, tsawon wasali ne ke raba gari na mutane da garin tuwo. Mawaƙin Faransanci na iya ɗaga kowace gaɓa ya sauke kowace gaɓa ba tare da ma'ana ta gushe ba, shi ya sa Michel Legrand ya iya mayar da dukan maganganun fim ɗin Les Parapluies de Cherbourg waƙa a 1964. Mawaƙin Hausa bai da wannan sakewa. Dole karinsa ya yi sulhu da karin kalma, in ba haka ba ya karya ta. Nan ne aron karin Indiya ya yi ɓarna a farkon zamanin finafinai, domin kari ne da aka ɗinka wa wani harshe, ana tura kalmomin Hausa ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Umar M. Shareef yana cikin waɗanda suka rage wannan ɓarna. A gindin waƙoƙinsa ana jin kalma ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawan lokaci karin yana bin hanyar da magana za ta bi. Amma a cikin ɗiyan waƙa, inda baituka ke tsawo kuma ake neman amsa-amo ko ta halin ƙaƙa, sau da yawa ana jan gajeren wasali don a cike gurbin kiɗa, ko a lanƙwasa ƙarshen layi irin lanƙwasar mawaƙan Indiya har gaɓar ƙarshe ta narke. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 ta kuma mamaye ɗakunan naɗar waƙa daga baya, tana ƙara dagula lamarin, domin tana goge ƴan ƙananan karkace-karkacen da ke ba muryar ɗan Adam ɗanɗano, ta bar ta sumul kamar ta kowa.

Ma'auni na uku: bambanci tsakanin waƙa da ƴar'uwarta

Nan ne rauni ya fi bayyana. In aka jera waƙoƙinsa na fim goma aka saurare su a zama ɗaya, za a ji gudun kiɗan kusan ɗaya ne, shigowar fiyano da sarewar na'ura iri ɗaya, namiji ya yi ɗa, mace ta mayar, a koma gindi. Mai sauraro na iya fara rera ɗan wata waƙa ya tsinci kansa a gindin wata, bai ji ya yi tuntuɓe ba. Wannan alama ce ta cewa ɗiyan ba su da fuskar kansu, hanya ce kawai ta komawa ga amshi. Ba haka abin yake ga Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba, waɗanda ɗiyan waƙarsu ke sauya tsawo da rauji gwargwadon abin da ake faɗa, yabo da tafiyarsa, zambo da tasa.

Wani kaso na laifin na kasuwa ne. Mai shirya fim yana son waƙa irin wadda ta yi kasuwa bara, yana kuma son ta cikin gaggawa. Mawaƙin da ke yi wa finafinai da dama aiki a shekara ɗaya ba zai sami sukunin gwada sabuwar hanya ba. Amma uzurin kasuwa ba ya mayar da maimaici ya zama ƙirƙira.

Ma'auni na huɗu: hidimar fim

Karin fim na gari yana manne da labarinsa, ya dawo a lokacin da ya dace da wata kama dabam, ya tuna wa mai kallo abin da ya wuce. A mafi yawan finafinan Kano, labari ke tsayawa a yi waƙa, a gama, ya ci gaba. Ana iya cire waƙar daga wannan fim a sa a wancan, babu abin da zai ragu. Mansoor ya ɗan bambanta ta fuska ɗaya: tun da mawaƙin ne jarumin, murya da fuska sun zama na mutum ɗaya, abin da ya ba waƙoƙin gaskiyar da motsa baki ba ya bayarwa. Sai dai ko a nan waƙoƙin sun fi rayuwa a waya da gidan biki bisa ga cikin labarin. Daga wajajen 2020, da finafinai masu dogon zango irin su Labarina suka karɓe kasuwa a talabijin da YouTube, rawa da waƙa suka ja baya, bukatar kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin labari ta ƙaru. Wannan fage ne da mawaƙan soyayya ba su riga sun nuna gwanintarsu a kai ba.

Kammalawa

Amsar tambayar kashi biyu ce. Ta fuskar kama kunne, Umar M. Shareef gwani ne, kuma gwanintarsa ba ta na'ura ba ce, domin amshinsa na tsayawa ko an kashe kiɗa. Ta fuskar ginin waƙa gaba ɗaya, daga gindi zuwa ɗiya zuwa zamanta a cikin fim, aikin bai kai ƙarfin amshin ba.

Abin da ya sa wannan ya shafi Adar shi ne, a gidajen biki da dama waƙar fim daga lasifika ta karɓe gurbin da waƙoƙin gaɗa da na ƴanmata ke cikewa, a ƙasar da ta haifi Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa. Kunnen da ya tashi da kari iri ɗaya, shi zai nema in ya girma, shi kuma zai ƙirƙira in ya zama mawaƙi. Hana saurare ba magani ba ne. Abin da ya fi shi ne malaman Hausa su kawo waƙar fim da waƙar baka aji ɗaya, a rera su ba kiɗa, ɗalibai su faɗi inda kari ya bi kalma da inda ya karya ta. Mawaƙan ma za su amfana, domin wanda ya iya ƙera amshin da ake rerawa daga Kaduna har Keita yana da ikon ƙera ɗiyan da suka cancanci wannan amshi, in masu saurare suka fara neman haka daga gare shi.