Ƙasar Shimfiɗa Da Madubin Wheatstone

A shekarar 1838 wani masani na Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana wata na'ura mai madubi biyu. Akan sa zane biyu na abu guda, masu ɗan bambanci, kowane ido ya dubi nasa. Sai hankali ya gama su, mutum ya ga zurfi, alhali kuwa takarda ce shimfiɗe.

Wanda ya san wannan abin mamaki zai fi gane littafin Flatland, wanda Edwin Abbott, shugaban wata makaranta a Landan, ya wallafa a 1884. Mutanen labarin kamar zane suke a kan allo, tsawo da faɗi kaɗai suka sani. Ran nan Ƙwallo ya ziyarci Murabba'i, ya ɗaga shi bisa, ya nuna masa awo na uku.

Gwanintar Abbott tana ga abin da ya biyo. Murabba'i ya ce watakila akwai awo na huɗu, sai Ƙwallo ya hasala, ya jefo shi gida. Ashe malamin ma da iyakar ganinsa.

Amma fa mai karatu ya lura, misali ba hujja ba ne. Zurfin da madubin ke nunawa, hannu ma ya san shi. Awo ɓoyayye kuwa, ko da yake Theodor Kaluza ya kawo lissafinsa a 1921, har yau gwaji bai tabbatar da shi ba. Littafin ya isa ya koya wa mutum tawali'u. Saura gani, wanda shi ke korar ji.