Wa Zai Fara? Tsokaci Kan Dokar Bi-da-bi a Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur

Akwai wani nau'in wasa da ya kunno kai a Amurka cikin 1974, sa'ad da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons. 'Yan wasa kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani tauraro, jagora guda yana warware zaren labari, ɗan ludo kuma yana yanke hukunci. Watau dai tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da hannu a ƙirarta. Abin da zan yi tsokaci a kai shi ne dokar da ke faɗin wanda zai fara da wanda zai biyo baya in faɗa ya kaure a labarin.

Littafin jagora na 1979 ya kasa kowane zagaye na minti guda gida 10, sa'an nan ya cusa saurin makami da tsawon lokacin haɗa tsafi cikin lissafin. A ganina dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. Ana tsakiyar artabu sai a jingine labari a koma laluben shafi, kafin a gano mai farawa zuciya ta huce. Littafin 'yan koyo da Tom Moldvay ya shirya a 1981 ya fi dacewa: kowane ɓangare ya jefa ɗan ludo mai fuska 6, wanda nasa ya fi yawa ya fara, shi ke nan.

To, amma wasu sun zarce. Alal misali, wasan Apocalypse World da Vincent Baker ya fitar a 2010 ya yi watsi da dokar ɗungum, ya bar wa jagora ya waiwayi duk wanda labari ya dosa. A nan fa nake da ja. In jagora gwani ne, wasa zai gudana kamar hira. In kuwa ba gwani ba ne, mai baki zai cinye fage, mai kunya ya tashi tauraronsa ko takobi bai zare ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka ra'ayina shi ne a rage lissafi iyakar iyawa, amma kada a taɓa layi. Layin nan shi ke tabbatar wa kowa rabonsa na magana, labarin da aka taru a ƙera kuwa bai kamata baki ɗaya ya mallake shi ba.