Majami'ar Santa Katarina: abin da hamada ta adana

A gindin dutsen Sina, inda ake cewa Annabi Musa ya ga wuta a cikin ƙaya, akwai gidan ƴan zuhudu wanda sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka gina tsakanin shekara ta 548 da ta 565. Majami'ar da ke tsakiyarsa tana nan da rufinta na asali, kuma a jikin azarorin an rubuta sunan maginin, Istifanus mutumin Aila, garin da ake kira Akaba a yau.

Daga waje ginin ba shi da ado, dutse ne bisa dutse kamar ganuwa. A ciki ginshiƙai 12 na dutse suna jan ido zuwa gabas, inda aka jera ƙananan gilasai masu launi aka fitar da surar Yesu cikin haske, Musa da Iliya a gefensa, almajirai uku a ƙasa. Labarin ya faru ne bisa dutse, amma mai zanen bai zana dutse ba, ruwan zinariya kawai ya shimfiɗa a baya. Wannan ba mantuwa ba ce. Mai kallo yana tsaye a gindin dutsen gaske, don haka zanen bai buƙaci wani ba.

Haka kuma surar Almasihu ta ƙarni na 6, wadda aka yi da launi narkakke cikin kakin zuma: rabin fuskar mai sanyi ne, ɗaya rabin mai tsanani. Da yawa suna ganin nuni ne ga ɗabi'u biyu da Kirista ke danganta masa. Ko ba a karɓi wannan fassara ba, fuskar tana hana ido zama wuri guda.

Yadda surorin suka tsira shi ne babban darasi. A ƙarni na 8 da na 9 sarakunan Kustantiniya sun sa a lalata surorin ibada, amma Sina tana hannun Musulmi, umarnin bai iso ba. A zamanin Fatimiyawa an yi masallaci cikin ganuwar, kuma mumbarinsa na shekara ta 1106 ne.

Babbar asara daga masu ilimi ta zo. A 1844 da 1859 Bajamushe Tishandof ya fitar da tsohon kundin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, kuma a 1933 Tarayyar Sobiyat ta sayar da mafi yawansa ga Ingila a kan fam 100,000. UNESCO ta sa wurin cikin gadon duniya a 2002, sai dai manyan hanyoyi da masaukan baƙi da hukumomin Masar suka shiga ginawa a kwarin suna taɓa abin da ba a iya mayarwa. Zanen da ya dogara ga dutsen da ke wajensa yana rasa rabin ma'anarsa in aka cika gindin dutsen da siminti.