Jadawalan RCC: Lissafin Kankare a Idon Injiniya

Manhajoji irin su ETABS da STAAD.Pro sun iya aikinsu. Ka zana bene mai hawa biyar, cikin ƙiftawar ido za su faɗa maka nauyin da ke kan kowane ginshiƙi da ƙarfin da ke neman lanƙwasa kowane bim. Sai dai sakamakon yakan fito ne layi dubbai, kuma injiniyan da zai sa hannu a kan zanen yana son ya ga ta inda aka bi. A nan ne jadawalan Excel da C. H. Goodchild da R. M. Webster suka shirya a Birtaniya, waɗanda aka fi sani da RCC, suka yi suna, har a ofisoshin injiniyoyin Kano da Kaduna.

Kowane sashe na gini da nasa jadawalin: RCC41 na bim mai ratsa ginshiƙai da dama, RCC53 na ginshiƙi, RCC81 na fandisho. Ka fitar da teburin sakamako daga ETABS zuwa Excel, ka tace layin da kake buƙata, ka zuba alƙaluman a gurabensu masu shuɗin rubutu. Nan take za ka ga yawan rodin da ake buƙata, da wanda ka zaɓa, da ko ya wadatar. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɓoye matakan lissafin ba. Babban injiniya na iya ɗaukar takardar da aka buga ya bi ta da fensir, ya gano inda yaronsa ya kauce. Ɗalibin da ya zauna da RCC41 zai fahimci ƙa'idar BS 8110 da jadawalin ke bi fiye da wanda ya haddace ta don jarrabawa.

Amma jadawalin ba ya ɗauko alƙaluma da kansa, kuma haɗarin yana cikin kwafo su da hannu. ETABS yana nuna nauyin da ke danne ginshiƙi da alamar ragi, don haka sai an kula kafin a liƙa. Wani ya fitar da sakamako a kilonewton da mita, ya zuba inda ake neman milimita. Mafi muni, mafi girman nauyi da mafi girman lanƙwasa ba lallai su zo daga haɗin lodi ɗaya ba. Wanda ya haɗa su ido rufe ya ƙirƙiro yanayin da ginin bai taɓa shiga ba. Da marubutan sun tanadi shafin karɓar teburi kai tsaye, da sun rage wannan.

An janye BS 8110 a Birtaniya tun 2010, aka koma Eurocode 2, inda ake ninka lodi da 1.35 da 1.5 maimakon 1.4 da 1.6. Akwai jerin jadawalan TCC na The Concrete Centre don sabuwar ƙa'idar, kuma ya kamata mu fara sabawa da shi. Kowanne ka ɗauka, kada ka bar gurbin ƙarfin rodi yadda ka same shi: kai rodin da aka sauke a wurin aiki ɗakin gwaji, abin da gwajin ya nuna shi za ka rubuta.