Maƙerin Fari da Sanin Wuta

Jos gari ne da ma'adini ya raina. Tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta jawo leburori da fatake daga Kano da Bauchi da sauran garuruwa, kuma duk inda jama'a ta taru da kuɗi a hannu, za a nemi mai ƙera wa amarya zobe da awarwaro. Wannan aikin maƙerin fari ne, mai sarrafa azurfa da zinariya da tagulla, saɓanin maƙerin baƙi mai fartanya da gatari.

Azurfar da magabatansa suka fi narkarwa ita ce liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari azurfa ce.

Ka tsaya kusa ka ga aiki. Ya hura gawayi da zugazugi har azurfa ta zama ruwa, ya zuba ta a magudana ta daskare. Sai ya ɗora ta bisa uwar maƙera yana bugu. Da ya ji ta fara tauri a ƙarƙashin guduma sai ya mayar da ita wuta ta yi laushi, domin in ya ƙara bugu ɗaya tsagewa za ta yi. Daga nan ya riƙa jan ta da awartaki ta ramukan wani faifan ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, har ta koma zare. Da zaren nan yake tufka sarƙa da furen 'yan kunne.

Maƙeran Turai sun ƙara da launi. A Limoj ta Faransa, da kuma gidan Fabergé na Rasha da ya fara ƙera wa sarki ƙwan ado a 1885, garin gilashi suke shimfiɗawa a kan ƙarfe su gasa har ya narke ya manne. Gilashin na narkewa a wajen digiri 800, azurfa zalla kuwa a 962. Ɗan sakaci kaɗan, azurfar ma ta narke, aikin wata guda ya tafi.

Maƙerinmu ma a irin wannan siraɗin yake tafiya, kuma launin wuta kawai yake dubawa ya san lokaci ya yi. Ilimi ne da ake samu a gindin maƙera, daga uba zuwa ɗa. Ya cancanci mu saya daga hannunsa, mu kuma tura yaranmu su koya.