Aron bakin mamaci: Misora Hibari da waƙar na'ura a Japan

A daren 31 ga Disamba 2019, gidan talabijin na ƙasar Japan, wato NHK, ya gabatar da bikinsa na waƙe-waƙen ƙarshen shekara mai suna Kohaku, karo na 70. Cikin waɗanda aka gani bisa dandali har da Misora Hibari, sanye da farar riga, tana rera sabuwar waƙa mai suna « Arekara ». A wannan dare shekararta 30 da rasuwa.

Mai karatu da bai san ta ba zai so a gabatar masa da ita. An haife ta a Yokohama a 1937, ta soma waƙa tana ƴar yarinya a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da manyan biranen ƙasar suka zama toka. Ta bar waƙoƙi wajen 1500, kuma ita ake kira sarauniyar enka, salon begen gida da rabuwa da haƙuri. Galibin karin enka bisa sautuka biyar aka gina shi, shi ya sa kunnen da ya saba da gurmi da goge ba ya jin sa baƙo ƙwarai. Adonsa shi ne kobushi, wata karkarwa da mawaƙi ke naɗe gaɓa ɗaya da ita kafin ya sake ta. A watan Afrilu 1988, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta har tsayuwa na yi mata wuya, Hibari ta rera waƙoƙi 39 a babban zauren Tokyo Dome. Ta rasu ranar 24 ga Yuni 1989 tana da shekara 52.

Wadda aka gani a 2019 aikin hannuwa da yawa ce. Kamfanin Yamaha ya ɗura tsofaffin faya-fayanta cikin wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, VOCALOID:AI, har ta koyi launin muryar da yadda take hawa da sauka. Akimoto Yasushi, wanda ya rubuta mata waƙarta ta ƙarshe a raye, shi ya tsara baitocin. Wata mawaƙiyar enka, Tendo Yoshimi, ta ba da motsin jikin da aka ɗora wa hoton, Mori Hanae ta zana rigar. Ɗanta na riƙo ya ba da izini.

Na saurari « Arekara » sau da dama, kuma gaskiya ita ce aikin ya yi kyau. Inda aka ja murya, ta jawu; inda ake jiran kobushi, ya zo. To, a nan ne nake ganin aibin yake: ya zo daidai inda ake jiransa. Na'ura tana tattara abin da mawaƙiya ta saba yi cikin shekara 40, ta fitar da tsaka-tsakinsa. Amma abin da ya sa Japanawa ke tuna daren 1988 shi ne mace mai ciwo da ta ƙi zama, tana auna numfashinta kamar mai auna hatsi a shekarar fari. Muryar « Arekara » ba ta da shekaru: ba ta budurwar 1955 ba ce, ba kuma ta majinyaciyar 1988 ba. Babu abin da za ta rasa idan sautin ya kuɓuce mata, kuma ba zai kuɓuce ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce gwaji ne na masu fasaha, mu wuce. Sai dai a tsakiyar waƙar kiɗa yana lafawa, hoton ya yi magana da masu kallo kai tsaye, kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya tana ƙarfafa wa nata gwiwa. Don a koya wa na'ura muryarta ta magana, an yi amfani har da kaset ɗin tatsuniyoyin da ta ɗaukar wa ɗanta yana ƙarami. A shirin farko da NHK ya nuna cikin Satumba 2019, an ga mutane suna share hawaye, kuma ban raina hawayensu ba. Amma kalmomin na Akimoto ne. Bahaushe yana da sunan wannan aiki: an ari bakinta an ci mata albasa. A watan Janairu 2020 wani mai sauraro ya tambayi mawaƙi Yamashita Tatsuro ra'ayinsa a shirinsa na rediyo, ya amsa a taƙaice cewa keta alfarma ne. Ina tare da shi a kan wannan gaɓa ta magana, ko da ban kai shi zafi a kan sauran waƙar ba.

Kada a ɗauka Japanawa ƙyamar muryar inji suke yi. Tun ranar 31 ga Agusta 2007 kamfanin Crypton na birnin Sapporo ya fitar da Hatsune Miku, murya ce da ake saye a sa cikin kwamfuta, a rubuta mata baiti da kari ta rera. An gina ta daga muryar Fujita Saki, mace mai rai da ta shiga ɗakin ɗaukar murya da saninta. Miku ba ta taɓa cewa ita wata ce ba. Zane ce mai shuɗin gashi, kowa ya sani. Dubban matasa da ba su da kuɗin hayar mawaƙiya sun koyi tsara waƙa da ita, suna sakawa a dandalin Niconico, kuma daga cikinsu Yonezu Kenshi ya fito, wanda ya fara da laƙabin Hachi, haka ma Ayase na ƙungiyar YOASOBI. A hannunsu manhajar kayan kiɗa ce kamar molo: sai ka san abin da kake son faɗi kafin ta yi maka amfani.

Manhajojin da suka zo daga baya, irin su Suno da Udio, sun cire wannan sharaɗi. Wani ɗalibina na ajin ƙarshe a lise ya taɓa nuna mini a wayarsa: ya rubuta sunan salon city pop da ƴan kalmomi, kafin in gama goge allo waƙa ta fito da ganga da ƙaho da muryar mace. City pop kiɗan Tokyo ne na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, zamanin da kuɗi suka yi yawa har kamfanoni na iya tara ƙwararrun makaɗa a ɗaki ɗaya kwana da kwanaki. Duniya ta gano shi a makare, wajen 2017, lokacin da YouTube ya riƙa tura wa mutane « Plastic Love » ta Takeuchi Mariya, waƙar 1984 da mijinta, Yamashita ɗin nan dai, ya shirya. Yawancin sabbin masu sauraron ba su jin harshen. Yanayi suke nema, kuma yanayi shi ne abin da na'ura ta fi iya kwaikwayo. A matsayina na malamin harshe na tambayi yaron me matar take faɗi. Bai sani ba. Japananci kuwa, kamar Hausa, yana bambanta ma'ana da tsawon wasali: obasan inna ce, obaasan kaka, kamar yadda garin da ake zama ya bambanta da garin da ake tuƙawa. Ko matar ta kira kakarta inna, shi da ni ba mu da hanyar ganewa.

Doka ba ta tsaya wa mawaƙan sosai ba. Sashe na 30-4 na dokar haƙƙin mallaka ta Japan, wanda ya soma aiki a farkon 2019, ya halatta amfani da ayyukan mutane wajen horar da na'ura ba tare da neman izini ba, muddin ba a cutar da mai haƙƙi fiye da kima ba. Ita kuwa murya kanta ba a lissafa ta cikin ayyukan da wannan doka ke karewa. Shi ya sa a watan Oktoba 2024 wasu masu sa murya a finafinan zane suka haɗu suka yi kira da a daina kwaikwayon muryoyinsu ba da yardarsu ba.

A 2025 abin ya zagayo kan Akimoto. Don cikar ƙungiyar ƴan matan AKB48, wadda shi ya kafa, shekara 20, wani gidan talabijin ya shirya gasa tsakaninsa da na'urar da aka horar da rubuce-rubucensa. Kowanne ya kawo waƙa, jama'a suka jefa ƙuri'a. A watan Satumba aka bayyana sakamako: waƙar na'ura, « Omoide Scroll », ta kayar da tasa, « Cécile », da ratar ƙuri'a fiye da 3000. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin masu zaɓen abin da ya yi kama da Akimoto suke nema, shi kuwa mutum mai rai yakan so ya kauce wa abin da ya saba. Akimoto dai da kansa ya yarda aka yi gasar, da kunnensa ya ji sakamakon, kuma waƙar na'urar ce ƴan matan suka fitar.