INA LITTAFIN 'YA'YANMU?

Yau ƙorafi nake tafe da shi, kuma a kanmu marubuta zan yi shi, don kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990, mata sun nuna alƙalami bai fi ƙarfinsu ba. Mun rubuta soyayya, mun rubuta kishi da auren dole. To amma ki zaga shagunan littattafai daga nan Gyaɗi-Gyaɗi har Kasuwar Sabon Gari, ki ce a ba ki littafin labari na Hausa da ɗan shekara 6 zai iya karantawa da kansa. In an yi dace a miƙo miki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa tun 1937, ko Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa. Kyawawa ne, ba musu, sai dai sun yi wa ƙaramin yaro nauyi, kuma da su kakanninsa suka yi karatu.

'Yan kaɗan ɗin da muke rubutawa kuwa, a nawa ganin, cuta ɗaya ke damunsu: wa'azi ya danne labari. Shafin farko an ce yaro ya bi iyaye, na biyu ya guji ƙarya, na uku ya riƙa wanke hannu. Duk gaskiya ne, amma ina labarin? Yaran cikin littafin ba sa ɓarna, ba sa wayo, ba sa ba da dariya. Ga jimloli zaƙo-zaƙo kamar ana karanta labaran rediyo. Yaro ba ya munafunci, da ya gaji zai ajiye ya tafi wasansa.

Ki duba abin da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya yi a Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 1 zuwa 6, a farkon shekarun 1970. Ya bar Gizo da haɗamarsa, ya bar Ƙoƙi da haƙurinta. Bai tsaya yana yi wa yaro tsawa ba, shi yaron ne ke ganin inda kwaɗayi ya kai Gizo. Haka Imam ya ɗora hikima a bakin aku. Wannan dabara ai a ɗakunanmu take, ita kakanninmu mata ke yi da dare, mu ne muka saki.

Na san abin da wata za ta ce: ba riba. Akwai ƙamshin gaskiya. Littafin soyayya baƙin tawada ne a kan takarda mai araha, bango kaɗai ke da launi, a raba shi na 1, na 2, na 3, kuɗin wannan ya buga wancan. Na yara kuwa sai da zane kusan kowane shafi. Za ki biya mai zane, kuma hoto mai cikakken launi faranti 4 yake ci a injin ɗab'i maimakon 1. Sannan budurwa da kanta take sayen littafinta, yaro kuwa sai an saya masa.

Saboda haka hanyarsa daban ce, 'yar'uwa. Ki taƙaita labarin, shafi 16 ko 24 ya isa, kowane shafi jimla biyu ko uku. Ki tara yaran gida da na maƙwabta ki karanta musu, duk inda suka fara hayaniya ki soke wurin. Ki ba malamar firamare ta duba ƙa'idar rubutu, don yaro da abin da ya gani yake koyo: in kin rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", haka zai tashi da ita. In kuɗi bai kai ba ki yi zanen baƙi da fari, yaro ya shafa masa launi da kansa. Ki nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Bayan an buga, kar ki zube shi wurin dillali ki koma gida kina jira. Ki ɗauka ki bi makarantun firamare da Islamiyyu na Tarauni, ki ga shugabanninsu. Makaranta ɗaya in ta amsa, aji guda za ta saya wa, kuma baɗi wasu yaran za su shigo ajin. Ko ki kai wa kamfani irin NNPC na Zariya, in kina da haƙurin jira.

Ku kuma uwaye, kar ku ce ba ruwanku. Yaron da bai ɗanɗani daɗin karatu da harshensa ba yana ƙarami, da wuya ya so littafi in ya girma. Yau waya ce a hannunsa, tana ba shi labarin wasu da harshen wasu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mun bar su haka, wa zai karanta namu littattafan nan gaba?

Allah ya raya mana zuri'a, ya yi musu albarka, amin. Wassalam.